Dogara ga Allah da shaidar Yesu alhali ba ka da dukan amsoshi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan suna yawan fitowa daga bakin masu bi, sababbi da waɗanda suka daɗe, musamman waɗanda suke marmarin yi wa wani maganar Yesu amma tsoron tambaya ya ɗaure musu harshe. An fara da masu sauƙi aka gangaro zuwa masu nauyi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, inda kuma wata ta jingina da wata, an nuna.

Sai na san Littafi Mai Tsarki ciki da bai kafin in yi wa wani maganar Yesu?

A'a, ɗan'uwa. Sunan da Yesu ya kira almajiransa da shi a Ayyukan Manzanni 1:8 shi ne shaidu. Shaida a gaban alƙali ba a neman ya haddace doka, abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji ake so ya faɗa, kada ya ƙara, kada ya rage.

Dubi mutumin nan da aka haifa makaho a Yohanna sura 9. Farisiyawa, masanan Attaura, suka sa shi gaba da tambayoyi, suna so ya yanke hukunci ko Yesu, wanda ya warkar da shi, mai zunubi ne. Ya ce musu wannan kam bai sani ba, abu ɗaya ya sani: dā shi makaho ne, yanzu yana gani. Matar nan Basamariya ta sura 4 ma da tambaya ta koma gari. Ta ce su zo su ga mutumin da ya faɗa mata duk abin da ta taɓa yi, ko shi ne Almasihu? Ita kanta ba ta gama ganewa ba, amma aya ta 39 ta ce Samariyawa da yawa na garin sun gaskata da shi saboda maganarta.

To, me zan faɗa in na buɗe baki?

Abu biyu kake da su a hannu. Na fari shi ne ainihin bishara, wadda Bulus ya dunƙule a 1 Korantiyawa 15:3-8: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Bitrus, ga sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya. Na biyu shi ne labarinka. Mutumin da Yesu ya fitar wa aljannu a ƙasar Garasinawa ya roƙa a bar shi ya bi su, sai Yesu ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya gaya musu irin abin da Ubangiji ya yi masa da jinƙan da ya nuna masa (Markus 5:19). Bai yi ko kwana ɗaya a cikin almajirai ba aka aike shi.

Ka faɗi labarinka yadda yake, kada ka yi masa kwalliya. In har yanzu kana fama da fushi ko tsoro, ka faɗa.

Idan aka yi mini tambayar da ban san amsarta ba fa?

Ka ce, “Ban sani ba.” Ka faɗa da natsuwa, fuskarka a sake, kada ka bi ta da dogon uzuri. In tambayar irin wadda bincike zai iya warwarewa ce, kamar ta tarihi ko ta ma'anar wata aya, sai ka ƙara da cewa za ka duba ka dawo. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, don mukan yi alkawari mu tafi shi ke nan. Ka dawo. Ko ba ka sami cikakkiyar amsa ba, ka kawo ɗan abin da ka samu. Mutumin da ya ga ka ɗauki tambayarsa ka kwana da ita ya san ka ɗauke shi da daraja.

Abin da za ka guje wa ko ta halin ƙaƙa shi ne ƙirƙiro amsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya kama ka da ƙage sau ɗaya zai sa alamar tambaya a kan gaskiyar da ka faɗa masa tun farko. Kafin ma ka amsa, ka tambaye shi abin da ya sa wannan batu yake damunsa. Karin Magana 18:13 ta kira amsa kafin a saurara wauta da abin kunya. Sau da yawa tambayar da ta fito baki ba ita ce take cin zuciya ba, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi wahala a ƙasa.

Cewa “ban sani ba” ba zai sa a raina bangaskiyarmu ba?

Wani zai raina, ba shakka. Amma wanda yake neman gaskiya da zuciya ɗaya ya fi amincewa da mutumin da ya san iyakar saninsa. Duk wanda yake da amsar komai a bakin harshensa, mutane sukan fara zarginsa. Manzanni ba su ji kunyar iyakarsu ba. Bulus, wanda ya yi karatu a hannun Gamaliyel, babban malamin Attaura, ya rubuta cewa yanzu muna gani ne dishi-dishi kamar a madubi, saninmu kuma sashi ne kawai (1 Korantiyawa 13:12). Da almajirai suka tambayi Yesu ko lokacin maido da mulki ga Isra'ila ya yi, ya ce sanin lokatai ba nasu ba ne (Ayyukan Manzanni 1:7), a numfashi na gaba kuma ya aike su shaida har iyakar duniya. Bai ba su amsa ba, ya ba su aiki.

Amma 1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye kullum mu ba da amsa. Wannan bai saɓa ba?

Karanta ayar har ƙarshe. Amsar da Bitrus yake nufi ita ce dalilin begen da yake cikinmu, a ba da ita kuma da tawali'u da ladabi. Ya rubuta wasiƙar ne ga masu bi da suke warwatse a ƙasashen Asiya Ƙarama suna shan tsanani, mutanen da maƙwabtansu za su yi mamakin yadda ba su karaya ba. Tambayar da za ta zo musu ita ce, “Me ya riƙe ku?” Wannan kowane mai bi yana iya amsawa. Ayar ba ta ɗora maka nauyin warware kowace gardamar falsafa ba.

Tun da Ruhu Mai Tsarki zai ba ni abin faɗa, akwai sauran amfanin karatu?

Akwai, sosai ma. Alkawarin Luka 12:11-12 an yi shi ne ga waɗanda za a ja gaban majami'u da mahukunta, inda ba su da damar shiri. Bai zama lasisin lalaci ba. Afolos, mutumin Iskandariya, mai baki ne kuma ƙwararre a Nassi, yana koyarwa game da Yesu a Afisa da himma, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Akila da matarsa Firiskila, masu bi, suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah, shi kuwa ya karɓa (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Bai jira ya kammala sani kafin ya fara magana ba, bai kuma ƙi ƙarin sani ba da ya zo masa.

Anselm, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila ya kuma rasu a 1109, ya kira wannan hali bangaskiya mai neman fahimta. Kana gaskatawa, kana kuma ci gaba da tono. Karanta bishara ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ta Markus surori 16 ce kawai, ana iya gama ta a zama biyu. Riƙe ɗan littafi da kake rubuta tambayoyin da suka gagare ka, ka kai wa fasto ko wani dattijo a cikin ikilisiya. Matambayi ba ya ɓata.

Ni kaina ina da shakka. Ba munafunci ba ne in yi wa wani wa'azi?

Wannan tambaya ce mai zafi, kuma waɗanda suke yin ta galibi su ne masu tsoron Allah na gaske. Akwai aya ɗaya da ba a cika tsayawa a kanta ba. A Matiyu 28:17, almajirai sha ɗaya suka hau dutse a Galili, suka ga Yesu da ya tashi daga matattu, suka yi masa sujada, “amma waɗansu suka yi shakka.” Ayar da take biye ita ce farkon babbar aika: ku je ku almajirtar da dukan al'ummai. Yesu bai ware masu shakkar ya ce su zauna tukuna ba. Ya aike su tare, ya ɗora aikin a kan ikonsa da alkawarin kasancewarsa tare da su.

Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa ya ce ga Ɗan Rago na Allah, shi ne daga kurkuku ya aika a tambaya ko Yesu ne mai zuwan ko su sa ido ga wani (Matiyu 11:2-6). Yesu bai tsauta masa ba. Ya aika masa da labarin abin da ake gani, makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara, sa'an nan ya juya ga taro ya yabe shi. Toma, ɗaya daga cikin sha biyun, ya yi mako guda yana cewa ba zai gaskata Yesu ya tashi ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshi, kuma a makon nan bai bar zumuntar 'yan'uwa ba, shi ya sa yana cikin ɗakin lokacin da Yesu ya sake zuwa. Uban yaron nan mai farfaɗiya ya haɗa duka biyun a magana ɗaya: na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata (Markus 9:24). Yesu ya warkar da yaron.

Munafunci shi ne ka faɗi abin da ka san ba ka yarda da shi ba, ko ka nuna tabbacin da ba ka da shi. In kana cewa, “Ga abin da na riƙe, ga kuma inda nake kokawa,” gaskiya kake faɗa. Sai dai kada ka ɗauki shakkarka kai kaɗai a ɓoye, don a duhu take ƙiba. Nemi mai bi ɗaya da ya manyanta ka buɗe masa. Yahuza 22 ta umarci ikilisiya ta ji tausayin masu shakka, saboda haka haƙƙinka ne a saurare ka ba tare da an kore ka ba.

Mene ne bambancin dogara ga Allah da rufe ido kawai?

Mai rufe ido ba shi da dalili, kuma ba ya son a tambaye shi. Mai dogara yana da dalili, sai dai dalilinsa yana kan wanda ya amince da shi, ko da bayanin bai iso ba tukuna. Yaron da mahaifinsa ya riƙe wa hannu a hanya cikin dare bai san hanyar ba, amma ya san hannun. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, Ibraniyawa 11:8 kuma ta ce ya fita bai san inda za shi ba. Ya san wanda ya kira shi.

Ga Kirista, dalilin yana da wuri da lokaci: gicciye a bayan Urushalima a zamanin Bilatus Babunti, da kabari da aka tarar babu kowa. Da mutane da yawa suka ja da baya saboda koyarwar Yesu ta yi musu tsauri, ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi. Bitrus bai ce ya fahimci koyarwar ba. Cewa ya yi, “Ubangiji, wurin wa za mu je? Kai ke da maganar rai madawwami” (Yohanna 6:68). Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba abin gida biyu: asirtattun abubuwa na Ubangiji ne, waɗanda aka bayyana kuwa namu ne da 'ya'yanmu domin mu aikata. Abin da aka bayyana ya ishe mu aikin rai guda.

Wani ya tambaye ni, “In Allah mai ƙauna ne, me ya sa ya bar ɗana ya mutu?” Na rasa abin cewa.

Rasa abin cewar nan da ka yi ba gazawa ba ce. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce uffan, don sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa (Ayuba 2:13). Wannan ne mafi kyawun abin da suka yi a littafin. Da suka buɗe baki suka fara yi masa bayani, suna cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, sai suka ƙara masa ciwo. A ƙarshe Allah ya ce ya husata da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi (42:7). Ayuba da ya yi ta kuka da ƙorafi aka wanke, masu kare Allah da amsoshi tsararru aka tsauta wa. Shi Ayuba kuwa har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalilin wahalarsa ba.

Ina roƙonka, kada ka taɓa gaya wa mai makoki cewa zunubinsa ne ya jawo, ko ƙarancin bangaskiyarsa. Yesu ya rufe wannan ƙofa har sau biyu: a kan makahon nan, inda ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba (Yohanna 9:3), da kuma a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, inda ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5). A kabarin Li'azaru, yana sane sarai zai ta da shi, amma ya yi kuka tare da Maryamu, 'yar'uwar mamacin.

Abin da za ka iya faɗa da gaskiya kaɗan ne: “Ban san dalili ba. Ina nan tare da kai.” In lokaci ya yi, watakila bayan makonni, kana iya ƙarawa cewa Allahn da kake bi ya san mutuwar ɗa, kuma Ɗan nan ya yi kira daga kan gicciye da kalmomin Zabura 22, yana tambayar me ya sa aka yashe shi. Kada ka yi gaggawa. Ziyara ta biyu da ta goma sun fi jawabin ranar farko nauyi.

Yaya zan bayyana Triniti alhali ni ma ban gama fahimta ba?

Faɗi abin da ikilisiya take shaidawa, ka tsaya nan: Allah ɗaya ne, ba uku ba; Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne; Uba kuma ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba. Ka kuma bayyana cewa kiran Yesu Ɗan Allah ba ya nufin haihuwa irin ta jiki, don nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ikilisiya ta ɗauki ƙarnuka tana auna kalmomin nan, a majalisar Nikiya a shekara ta 325 da ta Kustantiniya a 381, kuma waɗanda suka zauna a can ba su ce sun ƙure zurfin Allah ba. Iyaka suka shata don kada a faɗi abin da Nassi bai faɗa ba.

Yi hankali da misalai. Na ruwa da ƙanƙara da tururi ya shahara, amma yana nuna abu ɗaya ne da yake sauya kama, wanda ba shi ne koyarwar ba. Ya fi maka ka buɗe labarin baftismar Yesu a Markus 1:9-11 ku karanta tare, inda Ɗa yake cikin ruwa, Ruhu yake saukowa, muryar Uba kuma take fitowa daga sama.

Idan aka nuna mini ayar da take kamar tana saɓa wa wata fa?

Ku buɗe wuraren biyu ku karanta surar gaba ɗaya, don yawancin irin wannan ruɗani daga tsinke aya ɗaya yake fitowa. Waɗansu za su warware nan take, waɗansu sai an tambayi wanda ya fi ka, kamar yadda aka faɗa a amsar da ta shafi karatu. Ka yarda kuma cewa akwai wurare masu wuya. Bitrus da kansa ya ce akwai abubuwa masu wuyar fahimta a wasiƙun Bulus (2 Bitrus 3:16). A Ayyukan Manzanni sura 8, wani babban jami'in sarauniyar Habasha yana karanta Ishaya 53 a cikin karusarsa ya ce ina zai gane in ba wani ya bi da shi ba, Filibus mai bishara kuwa ya hau ya zauna kusa da shi suka fara daga ayar da ta tsaya masa.

Yaushe ya kamata in bar gardama?

Lokacin da ka lura ɗayanku ya daina sauraro, ko kai ko shi. 2 Timoti 2:23-25 ta ce bawan Ubangiji kada ya zama mai husuma, sai mai kirki ga kowa. Ana iya kayar da mutum a muhawara a kuma rasa shi. Ka gode masa, ka bar ƙofa a buɗe, ka ci gaba da gaishe shi kamar dā.

Na yi magana iyakar iyawata, mutumin bai karɓa ba. Laifina ne?

Bulus ya yi jawabi a Tudun Arasa a Atina, gaban masana, da ya kai kan tashin matattu waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce sai wani lokaci, kaɗan suka gaskata, cikinsu da Diyonisiyus da wata mace mai suna Damaris (Ayyukan Manzanni 17:32-34). 'Yan'uwan Yesu da suka tashi gida ɗaya da shi ba su gaskata da shi ba a lokacin hidimarsa (Yohanna 7:5), amma a Ayyukan Manzanni 1:14 ga su a ɗakin sama suna addu'a tare da manzanni. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya tsiro. Kai ba ka san ko shuka ka yi ko ban ruwa ba.

In kuwa ka gano ka faɗi abin da ba daidai ba, ko ka yi magana da zafi, koma ka ce, “Na yi kuskure a wuri kaza, ka gafarce ni.” Wannan ma shaida ce.

Na yi shekaru ina roƙon abu ɗaya, shiru. Da wane baki zan ce wa wani Allah yana jin addu'a?

Da bakin da Bulus ya faɗa. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Bai ɓoye wa ikilisiyar Koranti wannan ba, ya rubuta musu shi baƙi da fari. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta samun sauƙi, duk da haka tana cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Habakuk ya buɗe annabcinsa da tambayar har yaushe zai yi ta kira ba a ji ba, ya rufe shi da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Allah Mai Cetonsa, alhali abin da yake tsoro bai gushe ba.

Kada ka yi wa kowa alkawarin da Allah bai yi ba, cewa in ya gaskata ciwonsa zai tafi gobe ko bashinsa zai biyu. Faɗa masa abin da ka gani: abin da ka roƙa aka ba ka, abin da ka roƙa har yau kana jira, da abin da ya hana ka sakin hannu a tsakani. In ya yarda, ku durƙusa tare ku kai naka roƙon da nasa.